Wai rashin makamai ne ya hana sojojinmu gamawa da Boko Haram?

Wani ɗan'uwa ne ya tambaya, yace me yasa sojojin Najeriya da suka je Laberiya da Saliyo suka yi suna, ga jirage ga tankoki kullum ana cewa an sayo, amma tun 2009 an kasa gamawa da Boko Haram? Rashin makamai ne ko kuwa cin amana ne daga cikin gida?

To Malam, tambayar taka ta haɗo abubuwa da yawa. Akwai shekarar da wallahi rashin makamai ne matsalar, wato 2014. Amma daga baya yaƙin ya sauya kama, kuma abinda yafi cin sojojinmu tun daga lokacin yana da alaƙa ne da yadda aka gina rundunar tun asali da ɗabi'un da ta taso dasu a bariki.

Mu fara da Laberiya da Saliyo tunda dasu aka fi kafa hujja. Gaskiya ne ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sauka Monrobiya a Agustan 1990, kuma a Fabrairun 1998 sojojinmu suka fatattaki gwamnatin soja ta Johnny Paul Koroma daga Firitawun aka dawo da Tejan Kabbah kan kujerarsa. Amma duba irin aikin fa: kama tashar jirgin ruwa, kama filin jirgin sama, riƙe babban birni. Wannan shine abinda ake koya musu a Zariya da Jaji da makarantar hafsoshi ta Kaduna, runduna ta fuskanci runduna, ga layinka ga layin abokin gaba. Da yaƙin ya koma daji wajen 'yan tawayen RUF ai wuya aka sha, har a Janairun 1999 suka kutso cikin Firitawun ɗin suka yi ta'asar da mutanen ƙasar basu manta ba har yau.

Sannan ita kanta rundunar ta daɗe tana lalacewa a tsaye. Abin mamaki a zamanin mulkin soja aka fi yiwa soja illa, don duk wanda ya hau ta juyin mulki babu abinda yake tsoro kamar barikin da tankokinsa suke tashi kuma akwai harsashi a rumbu. Sojan sama sun fi kowa ji a jikinsu bayan shari'ar Mamman Vatsa ta 1986 kan zargin yunƙurin juyin mulki da ta rutsa da wasu hafsoshinsu, jiragen Jaguar da aka sayo daga Ingila 'yan shekaru kaɗan suka yi suna tashi aka ajiye su a Makurɗi suka mutu a wurin, ga kuma takunkumin makamai da Turai ta ƙaƙaba mana zamanin Abacha. Don haka da abu ya taso gadan-gadan, tankokin Vickers da jiragen Alpha Jet da aka fara sayowa tun zamanin Shagari su aka tarar a hannu.

2014 kam ba a magana. Gwoza ta faɗi a Agusta, Bama a farkon Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, Baga ranar 3 ga Janairun 2015. A watan Mayun 2014 sojoji suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta a barikin Maimalari bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yiwa kwanton ɓauna. Matan sojoji suka tare ƙofar barikin Giwa suka ce mazajensu basu zuwa Gwoza da irin waɗannan kayan. Kotun soja ta yanke wa mutum 12 hukuncin kisa a Satumba kan wancan boren na Maimalari, wasu 54 a Disamba saboda sun ƙi zuwa fagen daga, daga baya aka mayar dashi ɗaurin shekara goma. Shi kansa babban hafsan tsaro na lokacin, Alex Badeh, a jawabinsa na bankwana a 2015 ya faɗa da bakinsa cewa rundunar da ya jagoranta bata da kayan aikin da take buƙata. Sai kuma aka zo ana binciken dala biliyan 2.1 ta makamai da ake zargin an karkatar a ofishin Sambo Dasuki, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin. To a wannan shekarar idan kace rashin makamai ne babu mai ja da kai, soja yana riƙe da AK-47 da 'yan harsasai ƙirgaggu, a gabansa ga Hilux an girke mata bindigar harbo jirgi wadda take huda bango daga nesa.

Kuma kaga da aka samu kayan abu ya juya da sauri. Aka ɗage zaɓen 2015 da sati shida, tankokin T-72 suka iso, aka kawo ƙwararrun haya na kamfanin STTEP daga Afirka ta Kudu suka horar da wata rundunar kai farmaki, sojan Chadi suka shigo ta Gamborun Ngala da Dikwa, su da na Nijar suka kama Damasak, namu suka karɓe Bama, ranar 27 ga Maris aka shiga Gwoza. Me yasa ya yiwu cikin makonni? Saboda Shekau ya yi kuskuren riƙe garuruwa da kafa tuta, wato ya shigo irin yaƙin da sojanmu ya iya. Wanda ya tsaya wuri ɗaya igwa da tanka da jirgi zasu same shi. Amma tun a lokacin alamar matsalar gaba ta bayyana, don shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, ya fito yana ƙorafin cewa yaransa sun ƙwato gari suna zaune suna jira babu sojan Najeriya da ya zo ya karɓa.

Nan ne gizo yake saƙar. Ƙwato gari aikin sati ɗaya ne, riƙe shi kuma aikin shekaru ne, kuma yana cin mutane ba kaɗan ba. Akwai wani ƙiyasi da masana irin wannan yaƙin suke yawan kawowa, har ya shiga littafin koyarwar sojan Amurka na 2006, cewa ana buƙatar jami'an tsaro kamar 20 ga kowane mutum 1,000 na yankin da ake rikicin. Ba wahayi bane, amma gwada shi a Borno: ƙidayar 2006 ta bata sama da mutum miliyan 4, kaga kenan sama da jami'i 80,000 a jiha ɗaya tak, jihar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 70,000, ga Sambisa ga duwatsun Mandara ga tsibiran tafkin Chadi. Alhali sojan nan guda shi ake turawa Zamfara da Katsina da Filato da Binuwai da Neja Delta da kudu maso gabas, kusan babu jihar da baya aikin da asalinsa na ɗan sanda ne. Abin ya zama gajeren mayafi, ka rufe kai ƙafa ta fito.

Da ƙungiyar ta rabe a 2016 ɓangaren ISWAP na Abu Mus'ab Albarnawi ya fahimci wannan sosai. Sai suka rage taɓa talaka musulmi suka maida hankali kan ƙananan sansanonin soja da aka warwatsa a arewacin Borno. A 2018 suka afka wa Jilli a Yuli, Metele ranar 18 ga Nuwamba inda aka kashe kwamandan bataliya ta 157 Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, rundunar tace soja 23 ta rasa wasu rahotanni suka ce sun haura 100, sannan Baga a ƙarshen Disamba. Yadda ake cin irin wannan sansanin kusan salo ɗaya ne. Sun riga sun san adadin mutanen ciki da inda manyan bindigogi suke don sun daɗe suna aiko masu leƙe a rigar masu tallan kifi ko itace, sai su zo dab da magariba lokacin da jirgi zai yi wuyar gani, motocin bindiga su yi ta ruwan wuta daga nesa har harsashin na ciki ya ja baya, hanyar da agaji zai biyo kuma an riga an binne mata nakiya an ajiye 'yan kwanton ɓauna, wanda ya taho ceto shima ya zama abin ceto. In sansanin ya watse su kwashe motoci da harsasai da man fetur su ƙona sauran. Mafi yawan manyan makaman da suke yaƙarmu dasu daga hannun sojojin yankin suka ƙwace su, namu da na maƙwabta. Wato duk sansanin da aka kafa ba tare da an tanadi yadda za a kai masa ɗauki cikin awa ɗaya ko biyu ba, rumbun makamai aka gina musu.

Maganin da Janar Buratai, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya kawo a 2019 shine a tattara sojoji a manyan sansanoni masu ƙarfi, abinda suka kira supa kam, daga nan a riƙa fita sintiri. Ta fuskar rage mutuwar soja ya yi aiki. Amma ƙauyuka da hanyoyi aka bar wa wa? A Agustan shekarar suka shiga Gubio da Magumeri suka yi abinda suka ga dama. A Fabrairun 2020 matafiya suka iso Auno bayan an rufe shingen shiga Maiduguri da yamma, suka kwana a motocinsu a bakin hanya babu mai gadinsu, aka zo aka ƙone su, mutum 30 ko fiye. A Nuwamban 2020 aka yanka manoman shinkafa na Zabarmari a Koshobe, 43 aka yiwa jana'iza rana ɗaya. Garuruwa irin su Bama da Dikwa da Monguno da Pulka suka zama an zagaye su da gwalalo, mutum baya wuce 'yan kilomitoci in zai yi noma ko itace, can waje kuma ISWAP tana karɓar haraji a kan kifi da tattasai da shanu, tana yanke hukunci tsakanin makiyayi da manomi. Bafulatani ko Bakanuren da yake zaune a can da wa kake so ya yi biyayya, da wanda yake zuwa sintiri sau ɗaya a wata ko da wanda yake kwana a bayan gidansa?

Yanzu maganar kayan aikin kansu. An saya fa, kada a ce ba a saya ba. Super Tucano 12 daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500, suka iso a 2021 aka ajiye su a Kainji, kuma ni a ganina shine sayayya mafi hankali da aka yi, don jirgi ne mai farfela da yake iya daɗewa yana shawagi a kan wuri yana kallo, kuɗin tashinsa ma bai kai na jet ba. An sayo tankokin VT-4 daga Sin a 2020, jiragen yaƙi JF-17 uku daga Pakistan, jirage marasa matuƙi daga Sin da Turkiyya. Sai dai wannan tarin daga ƙasa-ƙasa shi kansa ciwon kai ne, kayan Rasha da na Sin da na Amurka da na Turkiyya da na Ingila kowanne da nasa kayan gyaran da nasa bakaniken da nasa harsashin, mota mai sulke ta miliyoyi sai ta kwanta wata da watanni saboda wani ɗan ƙarfe da babu shi a ƙasar. Kuma mai bada kwangila yafi son sabon saye a kan gyara, kowa ya san dalili.

Ga kuma ƙasar kanta. In damina ta sauka, baƙar laka ta yankin Dikwa da Marte da Ngala tana riƙe tanka ta hana shi motsi, su kuwa a babur suke ko a ƙafa. A tafki sai jirgin ruwa mara zurfin ciki da wanda ya san hanya a cikin ciyayi, sojan Chadi da ake yabo ma a sansaninsu na Bohoma aka kashe musu kusan 100 a hari ɗaya a Maris 2020. Shi yasa bataliyar babura da aka ƙaddamar a Damboa a 2016 tafi wasu manyan sayayya ma'ana a wurina. Abinda yafi kashe soja a hanya nakiyar da aka binne ce, maganinta kuma motar MRAP mai jure fashewar nakiya da injiniyoyin soja masu na'urar gano bam da haƙurin tafiya a hankali. Ka tambayi duk wanda ya yi aiki a can me yafi buƙata, da wuya ya fara da tanka, zai ce maka tabaran gani da dare, oba-oba mai aiki, ruwan sha, taya, da helikwaftan da zai ɗauke shi in an harbe shi kafin jini ya ƙare. Sojan da ya san in ya faɗi za a zo a ɗauke shi daban yake yaƙi.

Sai al'ada, wadda ita ce ba a saye da dala. Tarbiyyar barikinmu ita ce bi umarni tukuna kafin ka yi ƙorafi, komai daga sama yake saukowa. A fareti da yaƙin layi wannan daidai ne. Amma wannan yaƙin na saje ne da laftanan, yaro ɗan shekara ashirin da biyar a ƙauyen da babu sabis shi zai yanke shawarar ko a harba ko a tsaya, ko a yarda da bulaman nan ko kar a yarda, in an saba masa da cewa tunani aikin oga ne to sai ya jira oga. Sannan labari mara daɗi baya son hawa sama. Manjo Janar Olusegun Adeniyi yana kwamandan yaƙin gaba ɗaya a 2020 aka ga bidiyonsa a fagen daga yana bayanin irin ruwan wutar da suke sha da motocin da suka lalace, aka cire shi, aka kai shi kotun soja. Ko me mutum zai ce kan dokar fitar da bidiyo, darasin da ƙananan hafsoshi suka ɗauka shine ka rubuta komai lafiya.

Ga rashin canji. Ƙa'ida soja ya yi wa'adinsa a fagen daga a sauya shi ya huta ya ga iyalinsa ya sake horo, amma sai ka samu mutum ya shekara uku huɗu a Borno. A Agustan 2018 sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri don sun ƙi a kaisu Marte bayan sun daɗe suna jiran a maida su gida. Gajiyayyen soja shine mai barci a bakin aiki, shine mai saurin hannu a shingen bincike, shine kuma wanda in ya daɗe a wuri sai ya fara shiga cinikin kifi da shanu. Maganar cin amana da ka tambaya anan take zaune. Akwai ta, rundunar da kanta ta amsa a 2016 cewa ana tuhumar wasu jami'anta da sayar da makamai da harsasai. Amma masu cewa wai manya ne suka ƙi a gama don ana ci da yaƙin su tuna manyan nan suma suna mutuwa a ciki: Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a 2016, Kanar Dahiru Bako kusa da Damboa a 2020, Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba a 2021. Wannan ma wata al'ada ce ta rundunar da ya kamata a faɗa, akwai kwamandojin da suke shiga gaba da kansu, kuma yaransu suna binsu ko'ina.

Mafi tsadar ɗabi'a ita ce yadda soja yake kallon farar hula. Wanda aka tarbiyyantar a kan cewa ɗan gari abin sa wa tsallen kwaɗo ne, ranar da aka kashe masa aboki a unguwa sai unguwar duka ta biya. A Baga a Afrilun 2013 hotunan tauraron ɗan'adam da Human Rights Watch ta fitar sun nuna gidaje sama da 2,000 a ƙone. Amnesty tace sama da mutum 7,000 suka mutu a tsare a hannun soja daga 2011 zuwa 2015, barikin Giwa ya zama sunan da uwa take ji gabanta ya faɗi. Ka ajiye maganar zunubi ma tukuna, ta fuskar yaƙi kawai asara ce, don duk wanda aka ƙona wa gida ba zai zo ya gaya maka inda aka binne nakiya ba. Haka kuskuren jirgi, Rann a Janairun 2017 a sansanin 'yan gudun hijira, Tudun Biri a Disambar 2023 a taron Mauludi inda jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya kashe mutum 85 a ƙidayar hukuma. Na'urar ta ga taron mutane, amma babu wani a ƙasa da zai ce mata su waye.

In kana son ka ga nauyin wannan, dubi Maiduguri a 2013. Shekara biyu rundunar haɗin gwiwa tana cikin gari da motoci masu sulke, an hana babur, an yanke layin waya, amma kullum ana harbe mutane a unguwanni, saboda sojan da aka kawo daga wani wuri baya jin Kanuri baya jin Shuwa bai san ɗan wane gida bane wannan. Sai matasan gari suka tashi da gora da adda, 'yan kato da gora, suna nuna su ɗaya bayan ɗaya don tare suka taso, cikin 'yan watanni 'yan ƙungiyar suka bar birnin suka koma daji. Da ɗan gari akan ci gari. Haka maharba suka taimaka a Adamawa wajen ƙwato Mubi da kewayenta. Su ma 'yan goran suna da nasu laifukan, kuma yadda za a yi da dubban matasan da suka saba da bindiga tambaya ce mai zaman kanta. Mafi yawan waɗanda suka fito daga daji kuwa, dubun-dubatar da suka miƙa wuya da iyalansu, sun fito ne bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021 a hannun ISWAP, sai kuma da suka ji cewa wanda ya fito ba a kashe shi. Shirin tubabbu na Malam Sidi a Gombe yana yiwa waɗanda aka kashe wa iyaye ciwo, kuma suna da gaskiyarsu, amma mayaƙin da ya tabbata mutuwa ce ke jiransa a waje zai yi yaƙi har harsashinsa na ƙarshe.

A 2025 kuma abin ya sake sabon salo. Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwar tafkin Chadi a Maris 2025, iyakar arewa ta ƙara buɗewa. ISWAP ta koma afka wa sansanoni da dare, har Marte suka shiga a Mayun 2025, kuma tun ƙarshen 2024 suka fara ɗaura gurneti a ƙananan jirage marasa matuƙi irin na masu ɗaukar hoton biki suna sakowa a kan sojoji. Na'urar toshe siginar irin waɗannan jiragen da rufin kariya a kan ramukan tsaro duka basu kai kuɗin tanka ɗaya ba, amma kafin takarda ta bi ofis-ofis a Abuja a amince a bada kwangila a kawo kaya Monguno, su sun aika yaro kasuwa ya sayo wasu goma.